TAKARDA BA TA HAIHUWA
Jawabi a kan hayar mahaifa, yarjejeniyarta da abin da doka ta ce

Malamai, alhazai da hajiyoyi na kasuwa, ma'aikatan gwamnati, iyaye da ƴan uwa, ina neman afuwa tun da farko, domin batun da zan taɓo yau yana cikin abubuwan da kunya ta hana mu faɗa a bainar jama'a. Amma abin da ake raɗa a cikin ɗaki ya riga ya isa kotu a ƙasashe da yawa, mu ma ya taɓa ƙofarmu, don haka gara mu yi maganarsa ido da ido.

Ƙasarmu ta yi suna a duniya wajen yawan haihuwa. Binciken ƙasa na shekarar 2012 ya nuna cewa, in an daidaita, kowace mace tana haihuwar ɗiya 7,6. A ƙasar da haka take, wadda Allah bai ba haihuwa ba tana ɗauke da kaya mafi nauyi: gorin kishiya, habaicin dangin miji, da tsoron ranar rabon gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa kusan mutum 1 cikin 6 yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Ke nan babu zuri'ar da abin bai shafa ba. Mai hali kuwa ba ya zama. Yana tafiya nema. Daga Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai mutane suna fita waje neman magani, kuma a manyan birane irin su Legas, Abuja da Akara akwai asibitocin da za su ce maka: in matarka ba ta iya riƙe ciki, akwai wadda za ta ɗauka mata, ga takardar yarjejeniya, sa hannu. Wannan takarda ita ce na zo mu karanta tare.

Mu fara da sanin abin. A watan Yuli na 1978 aka haifi Louise Brown a Ingila, jaririya ta farko da aka haɗa ƙwan uwarta da maniyyin ubanta a wajen jiki, sannan aka mayar cikin mahaifa. Tun daga ranar aka raba abubuwa biyu da ba a taɓa raba su ba: mai ƙwai da mai ɗaukar ciki. Hayar mahaifa iri biyu ce. A na farko, matar da aka ɗauka ita ce mai ƙwan, ana sa mata maniyyin mai biya, ɗan kuwa jininta ne. A na biyu, ana haɗa ƙwai da maniyyi na wasu a dasa mata, ta yi wata tara da cikin da ba jininta ba. In ba a biya ta komai ba sai kuɗin magani da abinci, a kira shi aro. In an yanka mata lada, ya zama haya.

Takardar kan faɗi nawa za a biya da yaushe, abin da matar za ta ci da inda za ta zauna, ko za ta kusanci mijinta, wanda zai yanke shawara in likita ya ga nakasa a cikin, da alkawarin cewa ranar haihuwa za ta miƙa ɗa ba tare da gardama ba. Ku ƴan kasuwa kun fi ni sanin amfanin takarda. Ranar da ciniki ya tafi daidai, ba wanda yake buɗe ta. Ana neman ta ne ranar da kaya suka zo a lalace, ko mai saye ya noƙe, ko ƴan duwan suka riƙe mota a iyaka. A wannan rana takarda ta ce a mayar da kaya, ko a biya diyya, kowa ya kama gabansa. To, mu auna takardar hayar mahaifa da wannan ma'auni, mu ga abin da ta yi a ranakun da aka nemi ta yi aiki.

Rana ta farko ita ce ranar da mai ɗaukar ciki ta ƙi. A 1985, a jihar Niyu Jazi ta Amurka, wata mata mai suna Mary Beth Whitehead ta sa hannu da wani mutum, William Stern, a kan za ta haifa masa ɗa da ƙwanta, a biya ta dalar Amurka 10.000. Ofishin da ya haɗa su, wato dillali, ya karɓi 7.500. Takardar ta ce in jaririn ya zo babu rai, 1.000 kawai za a ba ta. Ta haifi ɗiya mace a watan Maris na 1986, ta ƙi kuɗin, ta gudu da ɗiyar zuwa jihar Fulorida, aka bi ta da ƴan sanda aka karɓo. Alƙalin farko a 1987 ya ce takarda takarda ce, ya tsige ta daga matsayin uwa. Amma a watan Fabrairu na 1988 Kotun Ƙolin jihar ta rushe yarjejeniyar. Alƙalan sun lura cewa wata tara ɗin nan ɗaya ne, ko ɗa ya zo da rai ko babu, to me ya sa lada ya bambanta? Ashe kuɗin ɗan ake biya. Suka mayar mata da sunan uwa da damar ziyara, suka bar riƙon ɗiyar a hannun uban, bisa duba abin da ya fi amfanar yarinyar. Takardar da aka kashe dukiya wajen rubuta ta ba ta yanke komai ba.

Rana ta biyu ita ce ranar da masu biya suka canja. A ƙarshen 2007 wasu ma'aurata ƴan Japan suka yi hayar wata mata a garin Anand na Indiya, da ƙwan wata macen dabam. Kafin haihuwa aurensu ya mutu. Tsohuwar matar ta ce ba ta da haɗi da jaririyar, mai ƙwan ba a san ta ba, mai ɗaukar cikin ta cika aikinta ta tafi. Jaririyar, da aka sa wa suna Manji, ta zo duniya da mata uku a bayanta, babu ɗaya da za a rubuta a takardar haihuwa. Ta yi watanni ba fasfon Indiya ba na Japan, kakarta ta wajen uba tana rainonta, sai da magana ta kai Kotun Ƙolin Indiya kafin a sama mata takardar tafiya. A Tailan kuma, a 2014, duniya ta ji labarin tagwayen da aka raba: ma'aurata ƴan Ostireliya suka tafi da macen, namijin da aka haifa da nakasa ya zauna hannun wadda ta haife shi. Kowane ɓangare ya ba da nasa labarin, wata kotun Ostireliya ma ta ce a 2016 ba yasar da shi suka yi ba. Ko ma wane ne mai gaskiya, tagwaye sun tashi a ƙasashe biyu. Buhun shinkafa in ya zo da ƙwari ana mayar da shi. Ɗa fa, wa za a mayar wa?

Rana ta uku ita ce ranar da hukuma ta ƙi. Wasu Faransawa, iyalin Mennesson, sun samu tagwaye mata a jihar Kalifoniya a shekarar 2000, da hukuncin kotun can mai cewa su ne iyaye. Faransa ta ƙi shigar da takardun haihuwar a rajistarta. Aka yi ta shari'a har Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce a watan Yuni na 2014 an tauye haƙƙin yaran, sannan a watan Oktoba na 2019 babbar kotun Faransa ta rufe maganar. Shekara 19 ana jayayya a kan su wane ne iyayen yaran da suka riga suka zama ƴan mata. A Yukren kuwa, da aka rufe iyakoki saboda annobar korona a 2020, an ga jarirai jere a wani otal na birnin Kiyef, waɗanda suka biya kuɗinsu ba su da hanyar zuwa ɗauka. A 2022 yaƙi ya sa aka sauka da wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa.

Ga shi nan, rana uku, sau uku takarda ta kasa. Dalilin kuwa ɗaya ne: mutum uku abin ya shafa, biyu suka sa hannu. Na ukun, wanda rayuwarsa duka ta rataya a kan takardar, ba a ko halicce shi ba lokacin da ake ciniki.

Da ƙasashe suka ga haka, sai suka kasu gida uku. Gida na farko ya haramta. Babbar kotun Faransa ta yanke a ranar 31 ga Mayu 1991 cewa irin wannan yarjejeniya ɓatacciya ce ko da kyauta aka yi, sannan dokar Yuli 1994 ta sa hanin a aya ta 16-7 ta kundin dokokin zaman jama'a. Italiya ta hana tun 2004, a watan Oktoba na 2024 kuma ta ƙara da cewa ɗan ƙasar da ya je waje ya yi, za a iya ɗaure shi har shekara 2, da tarar da ta kai yuro miliyan 1, wato kusan sefa miliyan 656.

Gida na biyu ya yarda da aro, ya hana haya. A Ingila, dokar 1985 ta hana dillanci don riba. Yarjejeniyar ba ta tilasta kowa gaban alƙali. Wadda ta haihu ita ce uwa a idon doka har sai kotu ta juya matsayin, kuma ba a karɓar yardarta sai bayan mako 6 da haihuwa. A Afirka ta Kudu, dokar yara ta 2005 ta ce sai babbar kotu ta duba yarjejeniyar ta amince kafin a dasa komai, sai ɗan ya zama jinin aƙalla ɗaya daga cikin masu nema, kuma ba a biyan lada, sai kuɗin da aka kashe da asarar da aka yi. Indiya, wadda ta zama babbar kasuwar wannan harka tun 2002, ta rufe wa baƙi ƙofa a 2015, sannan da dokar 2021 ta haramta biya ɗungum, da ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu cinikin. Tailan ta yi irin nata hanin a 2015, Rasha ta rufe wa baƙi a 2022. Ku lura da wannan: ƙasashen da suka fi cin kasuwar su ne suka yi ta rufe ta ɗaya bayan ɗaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Gida na uku ya bar kasuwa a buɗe, kamar Kalifoniya, inda Kotun Ƙolin jihar ta ce a 1993 wadda ta yi niyyar samun ɗan ita ce uwa, da Yukren, inda dokar iyali ta ba ma'aurata masu nema matsayin iyaye tun daga haihuwa. Amma ko a nan, abin da ya mai da su iyaye shi ne dokar ƙasa da hatimin alƙali, kuma ƙarfin hatimin yana ƙarewa a bakin iyakar ƙasar, kamar yadda iyalin Mennesson suka gani.

Yanzu mu dawo gida. Ba a zauna an tsara wa wannan batu dokarsa ta musamman a Nijar ba, amma kada wani ya ɗauka shiru izini ne. Kundin dokokin zaman jama'a da muka gada daga Faransa yana ɗauke da aya ta 6, wadda ta hana yarjejeniyar da ta saɓa wa tsarin jama'a da kyawawan ɗabi'u, da aya ta 1128, wadda ta ce abin da ake cinikinsa kaɗai ake ƙulla yarjejeniya a kansa. Waɗannan ayoyi biyu suna cikin waɗanda alƙalan Faransa suka dogara da su a 1991, tun ba su da wata doka ta musamman. Alƙalinmu yana da su a kan teburinsa. Ko gaban noter aka sa hannu, ko lauya goma suka shaida, ba ya mai da abin da ba na sayarwa ba ya zama haja.

Bayan haka, tun dokar tsarin shari'a ta 1962, sha'anin aure, nasaba da gado a ƙasar nan al'adar masu ƙara ake bi, ga mafi yawanmu kuwa al'adar nan ta ginu ne a kan fiƙihun Malikiyya. Malamai ba su yi barci a kan batun ba. Tun 1980 Azhar ta halatta haɗa ƙwan mata da maniyyin mijinta a wajen jiki, muddin aure yana nan kuma cikin matar za a mayar. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta taɓa yarda a 1984 cewa kishiya ta ɗauki cikin kishiyarta, tun da mijin ɗaya ne, amma a 1985 ta janye, saboda mai ɗaukar tana iya samun nata cikin daga mijin a lokaci guda, a rasa sanin ɗan wace ce. A watan Oktoba na 1986 majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na birnin Amman, ta haramta duk hanyar da mutum na uku ya shiga, ko da ƙwai, ko da maniyyi, ko da mahaifa. A Iran wasu manyan malaman Shi'a sun sassauta, ana kuma yi a can, amma ba mazhabar da kotunanmu ke tambaya ba ce. Aya ta 2 ta Suratul Mujadala tana jingina uwantaka ga haihuwa, ƙa'idar shari'a kuma tana jingina ɗa ga mijin matar da ta haife shi. Ku yi tunani: in mai ɗaukar cikin matar aure ce, wanda ya biya miliyoyi zai iya wayen gari a ce masa ɗan na wani ne.

Wani zai ce, ai Musulunci ya yarda a biya mai shayarwa. Gaskiya ne, Alƙur'ani ya ambaci ladanta, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sha nonon Halimatu Sa'adiyya. Amma ku dubi inda yarjejeniyar shayarwa take ƙarewa. Mai shayarwa tana zama uwa har abada, ɗiyanta su zama ƴan uwan ɗan, aure ya haramta tsakaninsu, sunanta sananne. Ta shigo baƙuwa, ta fita dangi. Takardar hayar mahaifa kuwa babban burinta shi ne a shafe matar da ta yi wata tara da naƙuda, a yi kamar ba a taɓa yin ta ba. Haka ma riƙo da muka sani: ƴar uwa ta ba wadda ba ta haihu ba ɗa, ta raine shi, ta aurar da shi, ya binne ta, amma kowa ya san ubansa. Ba ya cin gado, sai dai a yi masa kyauta da rai ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Kakanninmu sun samo wa maras haihuwa ɗa ba tare da sun yi wa ɗan ƙarya ba.

To, wanda ya dawo daga waje da jariri, me zai faɗa a meri? In ya rubuta cewa matarsa ce ta haifa alhali ba ita ba ce, ya faɗa cikin laifin da kundin hukunta laifuka ya sani: jingina wa mace ɗan da ba ta haifa ba. Ba mu manta da 2014 ba, lokacin da aka tuhumi mutum kusan 30, cikinsu har da manyan ƙasa da matansu, da wannan laifi a kan jariran da aka ce an kawo daga Najeriya ta hanyar Benin. Marigayi Hama Amadu, shugaban Majalisar Dokoki na lokacin, yana cikinsu. A watan Maris na 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta Yamai ta yanke masa ɗaurin shekara 1. Ya musanta tuhumar, magoya bayansa kuma sun ɗauke ta makircin siyasa. Ban zo in sake wannan shari'a ba, kuma ba a kan hayar mahaifa aka yi ta ba. Abin da nake so mu tuna shi ne, muka yi shekaru muna gardamar wa ya ci wa ya faɗi a siyasa, ƙalilan ne suka tambayi makomar yaran. Kuma ko hukuma ba ta gano ba, dangi suna jira. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ranar da Alhaji ya kwanta dama aka zo rabon kantuna da gidaje, ɗan'uwan da ya yi shiru shekara 20 zai buɗe baki, kuma yau akwai gwajin jini da ke tabbatar da nasaba. Wanda zai sha kunya a tsakar gida shi ne yaron da bai san komai ba.

Ba zan ɓoye muku hujjar masu goyon baya ba, domin tana da nauyi. Suna cewa mace baliga ce, jikinta ne, kuɗin zai gina mata ɗaki ya sa ɗiyanta lakkal, ga kuma wata baiwar Allah da za a share wa hawaye. In an hana, harkar za ta koma ɓoye inda babu mai kare kowa. Amsata ita ce: ku nuna mini matar attajiri da ta ɗauki ciki don matar talaka. Kullum kuɗin daga sama yake gangarowa, haɗarin kuwa a ƙasa yake zama. Ciki yana kashewa, mu a nan mun fi kowa sani. Ita ba ta karanta harshen da aka rubuta takardar da shi ba, lauyan da ya rubuta kuma mai biya ne ya ɗauke shi. Mai bincike ta musamman ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta faɗa a rahotonta na 2018 cewa hayar mahaifa, yadda aka saba yin ta, tana kai wa ga sayar da yara. Ƙasarmu kuwa ta amince da yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda ta ba kowane yaro haƙƙin suna, ƙasa da sanin iyayensa, ta kuma hana sayar da shi. Amma ina karɓar rabin hujjarsu: hani kaɗai ba ya isa, tun da yaran za su zo ko an so ko ba a so ba.

Saboda haka ga roƙona ga masu tsara dokokin ƙasa. Mun san yadda yunƙurin kundin dokar iyali ya ci tura a farkon shekarun 1990, ya sake cin tura a 2011. Wannan batu bai kamata ya jira wancan ba, domin a kansa malamai da masana doka hanyarsu ɗaya. A rubuta a fili cewa yarjejeniyar ɗaukar ciki don wani ba ta da ƙarfi a Nijar. A sa hukunci mai tsanani a kan dillali da asibitin da ke cin riba, kamar yadda dokar 2010 ta yi wa masu fataucin mutane, a bar matar da talauci ya tura. Sannan a buɗe wa yaron da aka riga aka haifa ƙofa: alƙali ya zauna a asirce, ya rubuta gaskiyar asalinsa, ya ba shi takardar haihuwa da ta ƴan ƙasa, ya naɗa mai riƙonsa, ya ɗora ciyar da shi a wuyan wanda ya jawo zuwansa duniya, ko lafiyayye ne ko nakasasshe. Laifin manya kada ya hau kan jariri.

Ga mu kuma, maza musamman. Rashin haihuwa yakan fito daga namiji kamar yadda yakan fito daga mace. Kafin ka ƙara aure na uku, kafin ka ɗaura jika dubbai ka tsallaka iyaka, ka je likita ya duba ka kai ma. In magani ya yiwu tsakaninka da matarka, addini bai hana ba. In bai yiwu ba, ga marayu a cikin dangi, ga ladan riƙo. Kuma mu daina gorin da ke kai mace ta ɗaura tsumma a ciki ta tafi wata ƙasa ta dawo da goyo. Bakinmu ne ya buɗe wa dillalai kasuwa. Alhaji, ba ka sayen kifi a ruwa, ba ka sa hannu a kan kayan da ka san duwan ba za ta bari su shigo ba. Kada ka yi wa ɗanka abin da ba ka yi wa hajarka.

Allah ya ba masu nema zuri'a ɗayyiba, waɗanda ya ba kuma ya raya musu.